JARRABAWA DABAN, KORA DABAN

Ya ku 'yan'uwa talakawa, maza da mata, na kasuwa da na gona, maganarmu ta wannan mako a kan wata sabuwar wuƙa ce da masu ɗaukar ma'aikata suka samo, wadda suke yanke wa mutum abincinsa da ita ba tare da jini ya taɓa rigarsu ba. Sunanta jarrabawa. Dā can in ubangida yana so ya rabu da baransa sai ya nemo masa laifi, ko sata, ko rashin kunya, ko yawan makara. Yanzu an huta da wannan wahala. Sai a kira mutum ɗaki, a miƙa masa takarda da alƙalami, ko a zaunar da shi gaban kwamfuta, bayan 'yan kwanaki a ce masa ya faɗi, ya tattara nasa ya nasa ya san inda dare ya yi masa. In ya buɗe baki zai yi magana a ce da shi, ai ba mu muka kore ka ba, jarrabawa ce ta kore ka.

Abin da ya sa muka tada maganar yanzu shi ne, a shekarar 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ba da sanarwa cewa daga 2027 duk makarantar sakandaren da malamanta ba su da rajista da lasin na Hukumar Rajistar Malamai, watau TRCN, ba za a yarda ta zama wurin zana jarrabawar WAEC da NECO ba. Duk wanda ya san halin masu makarantun kuɗi ya san abin da zai biyo baya. Mai makaranta ba zai yarda ya rasa ɗalibai saboda malami ba. Malamin da ya yi masa shekara takwas yana koyarwa a kan ɗan albashin da bai kai na lebura ba, shi za a fara nuna wa ƙofa. Saboda haka gara mu san inda doka ta tsaya tun ruwa bai kai mu wuya ba.

Ba sai mun je nesa neman misali ba, ga Kaduna nan kusa. A shekarar 2017, zamanin Gwamna Nasiru El-Rufa'i, gwamnatin jihar ta yi wa malaman firamare wajen 33,000 jarrabawa da tambayoyi irin na 'yan aji huɗu. Aka ce sai wanda ya sami kashi 75 cikin 100 ne ya ci. Mutum 21,780 ba su kai ba, watau biyu cikin kowane uku. Gwamnati ta ce za ta sallame su ta ɗauki sababbi 25,000. Aka riƙa baza takardun amsar waɗansunsu a intanet duniya tana dariya. Ƙungiyar Malamai ta Ƙasa, NUT, ta ce ba haka aka yi da ita ba, kashi 60 aka shirya, daga baya aka ɗaga. Ta kuma ce hukumar da doka ta ba ikon tantance wane ne malami ita ce TRCN, ba gwamnatin jiha ba. Ta kai ƙara Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ke Kaduna, a watan Disamba na 2017 kotu ta ce a dakata da korar sai an gama shari'a. Duk da haka takardun sallama suka ci gaba da fita. Ran 8 ga Janairu 2018 malamai suka shiga yajin aiki, bayan kwana goma suka janye, da gwamnati ta ce waɗanda aka sallama suna iya sake neman aikin tare da sababbin masu nema.

To, kafin wani ya ce jaridar nan tana kare jahilci, bari mu faɗi gaskiya ko da za ta yi wa 'yan'uwanmu ɗaci. 'Ya'yan wa ke zaune a ƙasa a waɗannan makarantu? Ba na kwamishina ba ne, ba na ɗan majalisa ba ne, nasu suna makarantun kuɗi a Abuja ko Ingila. Naku ne, ku masu tumatir da masu goro da masu faci. Yaron da ya yi shekara shida a firamare ya fito bai iya rubuta sunan ubansa ba, an cuce shi cuta wadda ba ta da diyya. Malamin da bai iya lissafin aji huɗu ba bai kamata ya tsaya gaban 'yan aji huɗu ba, ko ɗan wane ne. Haka ungozomar da ba ta san aikinta ba, haka mai kemis da ba ya bambance maganin yaro da na babba, haka direban da bai san alamun hanya ba. Lasin da jarrabawa, in an yi su bisa gaskiya, garkuwar talaka ne, gama mai kuɗi yana iya zaɓen likitansa da malamin ɗansa, talaka kuwa sai wanda aka ba shi.

Amma fa a jarraba mutum abu ɗaya ne, a kore shi wani abu ne dabam, kuma tsakaninsu akwai doguwar hanya wadda masu iko suke so su tsallake da taki ɗaya. A kan wannan hanya haƙƙin ma'aikaci yake.

Da farko sai a tambaya, wace irin jarrabawa ce? Iri biyu ne, mutane suna haɗa su, masu kora kuwa suna jin daɗin a haɗa. Akwai wadda doka ta kafa. Dokar da ta kafa TRCN tun 1993 take, ta ce ba mai kiran kansa malami ya karɓi albashi a kan koyarwa sai ya yi rajista, a 2017 kuma hukumar ta fara yi wa masu neman rajista jarrabawa ta kwamfuta. Irin wannan ce ta masu jinya da ungozoma, wadda hukumarsu ke shiryawa, da ta lauyoyi a makarantar horar da lauyoyi. Wannan ba ta ubangidanka ba ce, ba shi ya tsara ta ba, ba shi zai duba ta ba, ranarta da kuɗinta da makin cinta duk a sane suke tun kafin ka shiga, in ka faɗi kuma kana iya sake zama. Akwai kuma wadda mai ba da aiki ya ƙaga da kansa, shi ya yi tambaya, shi ya sa maki, shi ya duba, shi ya faɗi sakamako, shi kuma zai ci ribar albashin da zai ragu in an kori mutane. Ku 'yan kasuwa ku kuka fi kowa sanin wannan. Wa zai yarda mai saye ya zo da mudunsa daga gida, ya auna da kansa a bayan rumfa, sa'an nan ya fito ya ce hatsinka bai cika ba? Ba mu ce kowace jarrabawar gwamnati ha'inci ce ba. Cewa muka yi mudun da za a auna abincin iyalin mutum da shi dole ya zama mudun da kowa ya gani, aka yarda da shi tun kafin a fara awo.

Abin da ya faru a Kaduna daga baya shi ya nuna cewa mudun yana iya yin ƙarya. A watan Afrilu na 2018 gwamnati ta sallami mutum 4,562 daga cikin sababbin malaman da ta ɗauka da hannunta, ta ce ba su cancanta ba.  In jarrabawa tana iya shigo da wanda bai iya ba, me zai hana ta fitar da wanda ya iya? Ga kuma wani abin lura. A watan Disamba na 2021 aka sake yin wata jarrabawar, a watan Yuni na 2022 aka faɗi hukunci. A wannan karon waɗanda suka sami ƙasa da kashi 40 ne aka sallama saboda faɗuwa, mutum 165, waɗanda suka sami tsakanin 40 da 74 kuwa aka ce za a ba su horo su ƙara ƙwarewa. Madalla, haka ya kamata. Amma jama'a ku duba, wanda ya sami 70 a 2017 an kore shi, wanda ya sami 45 a 2022 an ce a koya masa. Gwamnati ɗaya, gwamna ɗaya, makarantu ɗaya. Me za a gaya wa na farkon?

Ba kuma a Kaduna aka fara gano wannan ciwo ba. A 2008 jihar Kwara ta yi wa malamanta wajen 19,000 irin wannan jarrabawa ta 'yan aji huɗu, sakamakon ya fi na Kaduna muni, 'yan ƙalilan ne suka kai makin da aka sa. Amma ba ta yi korar gayya ba, sai ta bi hanyar horarwa. A Jamhuriyar Nijar kuwa, cikin wannan shekara ta 2017, gwamnati ta jarraba malaman kwantiragi, ƙungiyoyinsu suka ƙi amincewa, aka soke kwantiragin dubbai. Ciwo ɗaya, magani dabam dabam, kowa da wanda ya zaɓa. Kada wani ya ce muku kora ce kaɗai hanya.

Sa'an nan ina jarrabawar wanda ya ɗauke su? Shi kansa Gwamna El-Rufa'i ya faɗa cewa siyasa ce ta shiga ɗaukar malamai a baya. Gaskiya ya faɗa. Kowa ya san yadda ake raba takardun kama aiki kamar goron biki, shugaban ƙaramar hukuma da nasa kaso, kansila da nasa, mai unguwar jam'iyya da nasa. Akwai kwalejin da ta ba mutum takardar NCE alhali bai iya karanta ta ba, akwai mai duba makarantu da ya yi shekara goma yana sa hannu cewa komai lafiya lau. Tun 1976, da aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta na UPE aka horar da malamai cikin gaggawa don a cika azuzuwa, ake tara wannan bashi. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don ilimin tushe, a ciki har da kason horar da malamai. Ina kuɗin suka shiga? In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba daidai ba ne a ɗora kayan mutum goma a kan wanda ya fi kowa ƙaramin wuya.

Yanzu mu zo ga doka, ku kasa kunne da kyau, gama nan ne ake cin talaka da rashin sani.

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda asalinta tun 1974 ne, ta ce duk wanda ya ɗauki ma'aikaci dole ya ba shi sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku ya cika. Ta kuma yanka kwanakin notis: wanda bai wuce wata uku a aiki ba, kwana ɗaya, daga nan zuwa shekara biyu, mako ɗaya, daga shekara biyu zuwa biyar, mako biyu, daga shekara biyar zuwa sama, wata ɗaya. In notis ɗin ya kai mako ɗaya dole ya zama a rubuce, in kuwa ubangida ba ya son jira, sai ya biya kuɗin kwanakin. Wannan ya shafi direban kamfani da lebura da akawu da yaron shago. Amma dokar tana da rami, gama ta fitar da masu aikin ƙwarewa da na shugabanci daga cikin waɗanda take kira ma'aikata, saboda haka malami ko ma'aikaciyar jinya ba za su jingina da ita kaɗai ba. Abin da za su riƙe shi ne takardar kama aiki, da dokokin aikin gwamnati in na gwamnati ne, da Tsarin Mulki.

Wanda aikinsa doka ce ta kafa shi ta kuma tsara yadda za a raba shi da shi, ƙafarsa ta fi ƙarfi. Tun 1985, a shari'ar Olaniyan da Jami'ar Legas, Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa irin wannan ma'aikaci ba bara ba ne da za a kora da baki. In ba a bi matakan da doka ta shimfiɗa ba, korar banza ce, kotu tana iya mai da shi bakin aikinsa. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 kuma ya ce a ji ta bakin mutum kafin a yanke masa hukunci. Wanda ke aiki a makarantar kuɗi ko asibitin kuɗi ko kamfani, dā doka ba ta ba shi kome ba sai kuɗin notis, ubangida yana iya korarsa da dalili ko ba dalili. Gyaran Tsarin Mulki na 2010 ya sake lissafi. Ya ɗaga Kotun Ma'aikata ta zama babbar kotu, ya ba ta ita kaɗai ikon jin rigimar aiki, ya kuma ba ta damar duba yadda ake yi a sauran duniya in ana maganar zaluntar ma'aikaci. A 2015, a ƙarar da wani ma'aikaci ya kai bankin Diamond, kotun ta ce zamanin korar mutum ba tare da dalili ba ya wuce.

Ina ta samo wannan? Daga yarjejeniya mai lamba 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta shekarar 1982. Nijar da Kamaru sun sa mata hannu, Nijeriya ba ta sa ba, amma kotun tana ɗaukarta abin koyi. Yarjejeniyar ta ce kada a sallami ma'aikaci sai da dalili na gaskiya wanda ya shafi iyawarsa, ko halinsa, ko bukatar wurin aikin. A ba shi dama ya kare kansa. Ya sami wurin ɗaukaka ƙara gaban wanda ba ya da hannu a maganar. A ba shi notis ko kuɗinsa. Shawarar da ke tafiya tare da ita, mai lamba 166, ta ƙara da cewa in rashin iya aiki ne, sai an koya masa, an gargaɗe shi a rubuce, an ba shi lokacin gyarawa, bai gyara ba, sa'an nan a yi maganar sallama.

Ku lura fa, wannan wuƙa baki biyu gare ta. Rashin lasin da doka ta wajabta dalili ne na gaskiya. Babu alƙalin da zai tilasta wa mai asibiti ya riƙe wadda ba ta da lasin jinya har abada, kuma kada wani ɗan tsakiya ya karɓi kuɗinku ya ce zai sa kotu ta yi haka. Abin da yake naka shi ne a sanar da kai sharaɗin tun da wuri, a ba ka lokacin da mai hankali zai ce ya isa, a bar ka ka sake zama in hukumar lasin ta yarda da sakewa, a duba ko akwai wani aikin da za ka iya riƙewa kafin nan, in kuma duk an yi abin bai yiwu ba, a sallame ka da notis da albashinka da haƙƙin shekarunka cif cif. Faɗuwa jarrabawa ba sata ba ce. Kora irin ta mai laifi, wadda ke cinye wa mutum garatuti da fansho ta kuma ɓata masa suna, ba ta hau kan wanda iyakar laifinsa maki ne bai kai ba. Wanda ya shigo da takardar jabu kuwa, irin mutum 233 da Kaduna ta sallama a ƙarshen 2021, wannan maganarsa dabam, ba mu da abin cewa a kansa.

Kuma a ra'ayinmu, mai makarantar da ya ɗauki mutum yana sane ba shi da lasin, ya ci arahar guminsa shekara da shekaru, ba shi da bakin da zai wayi gari ya ce doka ta hana shi riƙe shi. Ranar da ya ɗauke shi ai dokar tana nan tun 1993. Shi ya kamata ya biya kuɗin rajista da na jarrabawa, ya ba shi ranakun karatu ba tare da yanke albashi ba. Wanda yake da digiri amma ba na koyarwa ba, akwai difloma ta koyarwa da ake yi a jami'o'i da Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke Kaduna, mutum yana yi yana aikinsa. Daga yanzu zuwa 2027 akwai lokaci ga wanda yake nufin gyara. Wanda ya yi shiru sai ranar ta zo ya fito da takardun sallama, wannan dā ma rage albashi yake nema.

Akwai maganar da shugabannin ƙungiyoyi ba za su so ji ba, amma sai mun faɗa. A hukuncin nan na Yuni 2022, mutum 2,357 aka sallama. Mun ce 165 ne suka faɗi. Sauran 2,192 ba faɗuwa suka yi ba, ƙin zama suka yi, bisa umurnin ƙungiya, har da shugaban NUT na ƙasa, Audu Amba. Muna girmama wanda ya tsaya a kan maganarsa har ta ci aikinsa. Amma ƙauracewa makami ne da ba ya ci sai kowa ya riƙe shi tare. Da mutum fiye da 27,000 suka shiga ɗakin jarrabawa, waɗanda suka tsaya waje suka zama tsiraru, aka tsince su ɗaya ɗaya kamar fara a kan dawa, aka kuma sami laifin ƙin bin umurni aka liƙa musu, wanda ya fi faɗuwa wuyar karewa a gaban alƙali. Shugaban ƙungiya yana da lauyoyi da 'yan jarida, malamin ƙauye mai 'ya'ya bakwai ba shi da kowa. Mu dai shawararmu ga ma'aikaci shi kaɗai ita ce, in ba kotu ce ta hana jarrabawar ba, kuma ba ka ga jama'a duka sun tsaya ba, ka shiga ka zauna, amma kafin ka shiga ka rubuta takarda cewa ba ka yarda a ɗauki sakamakon hujjar kora ba, ka miƙa, a buga maka hatimi a kan kwafinka ka adana. Ƙungiya kuma ta yi yaƙinta tun kafin ranar, a kan wa zai tsara tambayoyi, maki nawa ne ci, wa zai duba, me za a yi wa wanda ya faɗi, a rubuta a sa hannu. Rigimar kashi 60 da kashi 75 ta isa darasi.

In kuwa takardar ta riga ta iso hannunka, abu na farko kada ka sa hannu a takardar ajiye aiki. Za a lallashe ka, a ce don kare mutuncinka ne, don kada a rubuta an kore ka. Ranar da ka rubuta da hannunka cewa kai ka bari, ka sauƙaƙa musu shari'a, sai ka dawo kana rantsuwa cewa tilasta ka aka yi. Ka nemi dalilin sallamar a rubuce, ka nemi ganin takardar amsarka da makin da aka ba ka, a rubuce kuma. Ka tattara takardar kama aiki, da ta tabbatarwa, da ta ƙarin girma, da shaidar albashi, ka kai su gida, kada ka bar su a durowar ofis, gama ranar da aka karɓe maka mabuɗi ba ka ƙara ganinsu. In an ba ka waɗansu kuɗi aka ce ka sa hannu cewa ba ka bin kome, ka kai wa wanda ya san doka ya karanta maka tukuna.

Sa'an nan kada ka zauna jiran wani babban mutum da ya ce zai yi maka magana. Akwai tsohuwar doka mai kare jami'an gwamnati wadda ta ce a kai ƙararsu cikin wata uku. Alƙalai sun sha bamban a kan ko ta shafi rigimar aiki, wani hukunci ya ce ta shafa, wani ya ce ba ta shafa ba, kai kuwa ba ka da dalilin sa abincinka a caca. Ka ɗauka wata uku gare ka daga ranar da ke kan takardar. Kotun Ma'aikata tana da zama a Kano da Kaduna da Jos. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya fara da ƙungiyarsa, gama kuɗin da ake yanka masa kowane wata na wannan rana ne. Akwai kuma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda ba a biyan ko kwabo. Mutum hamsin da abu ɗaya ya shafa, in suka haɗa kuɗi suka ɗauki lauya ɗaya, sun fi mutum hamsin da kowa ke kuka a zaurensa.

Wani mai rumfa zai ce, to ni ina ruwana, ba ni da lasin, ba na cin albashin kowa. Ɗan'uwa, buɗe littafin bashinka ka duba sunayen da ke ciki. Wa ke ɗaukar shinkafa da mai da sabulu sai ƙarshen wata? Malami ne, da ma'aikaciyar asibiti, da akawun ƙaramar hukuma. Ranar da albashi 21,780 ya tsaya a jiha guda, ba a gidajensu kaɗai tukunya ta yi sanyi ba, har mai nama da tela da mai kabu-kabu sun ji a jikinsu. Kuma ɗanka ne zai zauna a aji ba malami daga ranar da aka kori tsohon zuwa ranar da sabon ya iso. Kai ma kuma ubangidan wani ne. In kana da direba ko yaron kemis, hukuma ta ce sai da lasin, yadda kake so a yi wa ƙanenka malami haka za ka yi masa: ka gaya masa da wuri, ka taimaka masa ya samu, in ta ƙi ka sallame shi da haƙƙinsa.

Ku masu 'ya'ya a makarantun kuɗi, in an kira taron iyaye da malamai na wannan zango, ku je, kada ku aika. Ku tambayi mai makaranta malamai nawa ne suke da rajistar TRCN, nawa ne ba su da ita, wane shiri ya yi musu kafin 2027, kuma wa zai biya. Ku ce a rubuta amsarsa a littafin taro.